Faifan da Hadi Ya Auna da Hannu

"Ina gajiya, amarya?" in ji Hadi daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Ni dai ban taɓa ganin Hadi mai sayar da doya ya yi laushi haka ba. Jiya ya kawo wa kakarsa, Hajiya Hansai ta Agege, faifan garmaho daga kasuwar Oyingbo, marar kwali, aka ɗora a gaban baƙi. Cikin baƙin har da uwar Ruƙayyatu, yarinyar da yake nema.

"Gajiya tana wurin mai rawa," in ji Hajiya. "Shigo, angon makoki."

"Tsohuwa, ki faɗi gaskiya, sautin bai fita tas ba? Mai nauyi ba ya rawa a ƙarƙashin allura. Da hannuna na auna shi!"

"Doya ce? Kowa na sayen kaset, kai ka je ka ɗauko murfin rijiya."

"Kunnenki ne ya mutu tun zamanin soja."

"Da ya mutu da na huta. Waƙar rakiyar gawa ce, ta Yarbanci! Kai da ka tashi a Kano ba ka jin ko 'zo', ka miƙe kana karkaɗa kafaɗa gaban surukarka."

Hadi ya zauna daɓas. "Ta gane?"

"A Agege aka yanke mata cibiya. Mayafi ta cusa a baki."

"Kuka?"

"Ban leƙa ba. Ni da na cika unguwa da cewa mijina ya san kaya, ƙasa nake nema ta tsage."

"Shi ke nan, na rasa Ruƙayyatu. Wallahi ko layinsu ba zan iya bi ba."

Hajiya ta dube shi, tausayi ya kama ta. Ta jawo akwatinta, ta zaro wani siririn faifai duk ƙarce, ta ɗora. Kalangu ya tashi yana shashsheƙa, amma daɗi har cikin ƙashi.

"Wannan ai ko nauyin ganye bai yi ba," in ji Hadi.

"Kakanka ya kawo min shi na ban haƙuri. Na farkon da ya saya mai nauyi ne, wani Bature ke koyar da fareti a ciki, ubana na zaune."

Hadi ya kwashe da dariya. "Kuma kika aure shi?"

"Wa zai bar wawa ya lalace? Ungo, kai wa surukarka. Ka miƙa da hannu biyu, kafaɗun nan kuma ka bar min su a nan."