Ɓarawon Kifina

Ƙarfe huɗu na dawo daga lacca, na tarar babu kifi a akwatin gilashina. Irin kifin da ake kira kuli ne, siriri mai zane kamar maciji, tsarabar Yaya daga Kaduna. Na karance littafin kiwonsa kaf, na kuma san kifi ba shi da ƙafa. Shekarar ƙaddamar da Shari'a ce, duk Ƙaura zancen sata ake. Ni da ba a jin muryata, na tara mutanen gida na nuna taubashina Lawali.

Yana cikin rantsuwa Inna ta sa muciya ta motsa yashin ƙasan akwatin. Sai ga kuli yana wutsil-wutsil.

Na dake: "To wa ya binne shi?"

Lawali ya durƙusa. "Ai yashin nan na, ranki shi daɗe. Mu kai shi gaban alƙali?"