Ƙahon Ladingo da Gyaran Muryar Manya

Zaki ya kashe ɗan Ladingo a bakin Tafkin Dunya, da rana tsaka, kowa yana kallo. Ladingo gwanki ce, uwar 'ya'ya biyu. Ba ta tsaya kuka ba. Ta yi kansa ta zura masa ƙaho a cinya, ya saki gawar, ya koma gida yana ɗingishi. Ƙaramin ɗan ya tsira a bayanta.

Da a can zamanin da ne aka yi wannan, da ba labari ba ne. Zaki ya ci nama, sai me? Amma yanzu akwai doka.

Ga yadda dokar ta samu. Wata shekara fari ya ƙone ƙasa, ruwa ya ƙafe ko'ina sai a Tafkin Dunya, inda iyakokin dazuzzuka suka haɗu. Kowane daji da sarkinsa, kowane sarki yana cewa tafkin na kakansa ne. Aka yi ta kisa har ruwan ya yi ja, mai ƙishi ya rasa na sha. Da kowa ya gaji, sarakuna suka taru a gindin wata tsamiya, suka kafa Majalisar Dazuzzuka. Kowane daji ya aiko wakili. Aka naɗa Kunkuru magatakarda, don ba ya fushi, kuma kafin ya isa wurin faɗa an gama.

Dokar farko gajera ce: ba farauta a bakin ruwa. Wanda ya yarda sai ya taka ɗanyar laka, a bar sawunsa ya bushe ya zama shaida. Kowa ya taka.

A faɗi gaskiya, dokar ta yi aiki. Zomo ya sha ruwa ya yi gyatsa a gaban Dila. Ranar da Dila ya gwada sa'a a kan wata zabuwa, aka gurfanar da shi, aka gutsure masa kunne. Damisa ta yi nata, aka kore ta daga tafkin har damina ta faɗi. Majalisa ta ji daɗin kanta, ta yi ta ƙara dokoki: kada a dama ruwa, mai ciki ta sha kafin kowa, shamuwa ta ratsa kowane daji ba mai tambayarta inda za ta. Har dabbobin nesa da ba su taɓa ganin lakar ba suka soma bi, don kunya.

Sai dai tun ranar kafa Majalisa manya biyar suka gindaya sharaɗi. Su ne Zaki, Giwa, Ɓauna, Dorina da Kada. Suka ce ba za su zauna da ƙanana ana ɗaga musu murya ba. Duk maganar da ake yi, in ɗayansu ko wakilinsa ya yi gyaran murya, ta mutu. Ƙanana suka yarda, don majalisar da ba Zaki a cikinta hira ce. Tsamiyar ma a dajinsa take.

Ladingo ta kai ƙara. Ta tsaya a gaban wakilai, ɗanta yana manne da ƙafarta.

"Ranku ya daɗe, an kashe mini ɗa a bakin ruwa. Zaki ne. Kun gani."

Kunkuru ya fito da kansa a hankali. "Majalisa tana nuna matuƙar damuwarta. Muna kira ga ɓangarorin biyu da su kai zuciya nesa."

"Malam, ɓangare ɗaya ungulaye sun gama da shi."

Zaki bai zo ba. Wazirinsa ya aiko, wani kure mai suna Burungu, mai baki kamar an shafa masa zuma. Ya miƙe ya karkaɗe jiki.

"Mai girma magatakarda, 'yan'uwana wakilai. Wa ya kai maigidana son wannan doka? Ku je ku duba laka, sawun wa ya fi girma? Maigidana ba farauta ya yi ba. Rigakafi ya yi. Yaron nan da ya girma ƙaho zai yi, kuma kun ga abin da ƙahon gidansu yake yi. Mun tsare zaman lafiyar gobe ne, don amfanin kowa da kowa."

Toron Giwa ba ya ga maciji da Zaki, don haka ya tashi ya yi dogon jawabi a kan haƙƙin marasa ƙarfi. Yana magana yana karya reshen tsamiya yana ci. Aka tafa masa sosai. Biri ya kawo shawara a kira Zaki da kansa ya amsa, kamar yadda aka kira Dila. Ƙanana suka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, har Kunkuru ya fara ƙidaya.

Burungu ya yi gyaran murya.

Ƙafafu suka sauka. Wakilin zomaye sabon zuwa ne, ya raɗa wa Bushiya: "Yaya, mura ce ta kama Waziri?"

"Mura ce. Ba ta kama shi sai ranar shari'ar ubangidansa."

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma Burungu ya ce akwai magana ta biyu, wato cinyar Zaki. Ya kwatanta zurfin raunin da tafin hannunsa. Ya ce ranar nan jini biyu aka zubar a bakin ruwa, ɗaya an rufe maganarsa, saura ɗaya. Ya ce muddin ana zuwa tafki da ƙaho a kai, babu wanda ya tsira.

Aka ɗage zama don manya su gana a bayan tsamiya. Da suka fito Giwa yana murmushi, don an yarda masa ya riƙa wanka a tsakiyar tafki, ba za a kira shi dama ruwa ba. Aka karanto sabuwar doka: duk mai ƙaho sai an datse masa kafin ya sha. Wanda ya ƙi, a hana shi ruwa, shi da garkensa duka.

Barewa ta ce, "To, na Ɓauna fa?"

Ɓauna ya dube ta da jan ido. Burungu ya amsa a madadinsa: "Ƙahon Ɓauna ya riga dokar fitowa. Na tsare zaman lafiya ne. Haka hauren Giwa."

Ba wanda ya yi gyaran murya. Zomo da Biri da Bushiya suka ɗaga ƙafa, tunda ba kansu za a taɓa ba. Masu ƙaho suka duba hagu da dama, su ma suka ɗaga. Doka ta zauna. Aka ba Gafiya aikin datsa, ta wasa haƙora, ta kafa rumfa a kan hanyar ruwa. Barewa ta shiga ta fito da kai kamar na tunkiya. Gada ta bi. Mariri ya bi yana zagi ƙasa-ƙasa.

Garken gwanki bai sha ba, saboda Ladingo ta ƙi a datse mata ƙaho. Rana ta yi ta dukansu. Harshen ɗanta ya bushe har ba ya iya kama nono. Shugaban garken, tsoho Dangali, ya same ta a gindin ƙaya.

"'Yar nan, ƙaho ba ya kashe ƙishi."

"Baba, ƙishi yana ba da rana. Zaki ba ya ba da ita."

"Garke fa? Mu duka za mu mutu don kanki ɗaya?"

Ta tashi ta kama hanyar tafki, ɗanta yana tangaɗi a bayanta, garken yana biye. A bakin rumfar Gafiya suka tarar da Kunkuru. Tun jiya ya taso don ya riga su. Wannan karon bai yi muryar majalisa ba.

"Ladingo, ni na san dokar nan karkatacciya ce. Amma kin tuna launin ruwan nan kafin a yi doka? Ni na tuna. In kika ƙi taki yau, gobe Damisa ta ƙi tata, jibi Dila. Rumfa ko ta karkace ta fi rana."

"Na ji, Malam. Farcen Zaki, yaushe za a yanke?"

Kunkuru ya ja kansa ciki kaɗan. "An kafa kwamiti."

"Wa ke shugabanta?"

"Burungu."

Ruwa yana nan kusa, ana jin ƙamshinsa. Ɗan ya ja gaba, ta tare shi da ƙafa. A kan tudun da ke hayin tafkin Zaki yana kwance a inuwa, yana lasar cinyarsa. Ba ruwan yake kallo ba. Yaron yake kallo.

Gafiya ta hau kan dutsen aikinta, ta tofa yawu, ta gwada haƙoranta a kan wani kara.

"Hajiya, yi sauri, akwai layi. Ba zafi, kamar yankan farce ne. Sunkuyo."

Dangali ya ce, "Sunkuya, 'yar nan. Don Allah."

Ladingo ta dubi tudun, ta dubi ɗanta. Ta gyara tsayuwa a tsakaninsu.

"Ba zan sunkuya ba."