Rasuwar Dattijo, Injin Kwale-kwalen Mai Fito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai huce ba, Mai Fito na bakin gaɓa yana sanar da 'yan'uwa, fasinjoji da masunta rasuwar injin kwale-kwalensa, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika a tsakiyar kogi ranar kasuwa, bayan doguwar jinya a hannun da bai dace ba.

Marigayin mai haƙuri ne, ba shi da haɗamar mai. Ja ɗaya ake yi wa igiyarsa, ya yi gyaran murya, "gur-gur-gurrr", ya kama aiki. Ya ƙetarar da masu naƙuda da buhuna da awaki, bai taɓa ƙorafin nauyin kowa ba. Da guminsa aka yi wa gidan Mai Fito rufin kwano.

Ciwon ajalinsa zazzaɓi ne mai zuwa yana tafiya. A bakin gaɓa lafiya lau, ruwan da ke sanyaya shi yana tsartuwa ta baya kamar kullum. Amma da an yi lodi an kai tsakiya, sai tsartuwar ta koma ɗigo, jikinsa ya ɗau zafi, ƙararrawarsa ta hau kuka, "tiii-tiii". In an kashe shi ya huta, sai ya tashi garau kamar ba shi ba.

Don zumunci, Mai Fito ya kai shi wurin mijin ƙanwarsa, bakaniken da ke kiran kansa Likita. Likita ya tsoma shi a duron ruwa a ƙofar shago, ya tayar da shi, ya kasa kunne, ya ce, "Yaya, ƙalau yake, kai ne dai ka cika tsoro." Ya canza filogi, zazzaɓi ya dawo. Ya juye baƙin mai, ya sake dawowa. Mai Fito ya zargi famfon ruwa, ya je da ƙafarsa ya sayo sabuwar robar famfon, mai fuka-fukan da ke tura ruwa sama, ya damƙa masa. Likita ya rantse ya saka. Da ƙararrawa ta ƙara kuka, sai ya sa almakashi ya datse wayarta, wai ita ce ta samu taɓin hankali.

Haka aka rufe wa bawan Allah baki, ya ƙone shiru. Sai ƙauri aka ji, sai hayaƙi, sai kalamansa na ƙarshe, "kak... kak." Ruwa ya ja kwale-kwale cike da mutane, mata na salati, Mai Fito na tuƙi da murfin bokiti. Dogo, abokin hamayyarsa, shi ya janyo su gaɓa da igiya yana washe baki, kuma tun ranar fasinjojin suka koma nasa.

Mai Fito ya buɗe gawar da hannunsa a gaban shaidu. Tsohuwar robar ce a ciki, fuka-fukanta sun kakkarye, guntu ɗaya ya shige bututu yana toshe hanyar ruwa yana buɗewa. Ga dalilin zazzaɓin nan mai zuwa yana tafiya. Sabuwar robar fa? Dogo da bakinsa ya yi ta alfahari a gaɓa cewa Likita ya saka wa injinsa sabuwa fil a makon nan. Wato da kayan marigayin aka janyo gawarsa.

Ya rasu ya bar kwale-kwale ɗaure a turke kamar mace mai takaba, da farfela, da tankin mai rabi, da Mai Fito da iyalinsa. Ƙanwar da ta zo ba da haƙuri an karɓe ta hannu biyu. Ba ta da laifi, sai na zaɓen miji.

Za a ɗauko gawar a baro ranar kasuwa mai zuwa da hantsi, a bi da ita ta gaban duk masu kwale-kwale, a sauke ta daura da shagon Likita, inda za a kafe ta da siminti. A nan Mai Fito zai shimfiɗa benci ya yi zaman makoki, ba ranar tashi, karyayyar robar na kan faranti. Duk wanda ya kawo injinsa gyara, ana roƙonsa ya fara tsayawa ya ga gawa, ya ji yadda aka yi, sannan ya yi shawara da zuciyarsa.

Likita ba sai ya wahalar da kansa zuwa gaisuwa ba. Makokin zai same shi har ƙofa.