Daminar Da Aka Ce Ni Na Riƙe Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na dafa daddawa tukunya biyu a jere. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai kunya ta rufe ni, haushi kuma ya biyo baya, don ni dai har gobe ina ganin da an ja ni ɗaki an yi mini faɗan nan a asirce, da ya wadatar.

Bari ku fara sanin ko ni wace ce. Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari, Saratu. A ajin manya na cocinmu, a ƙauyenmu da ke bayan Bici, na zauna kan benci da furfura a goshi ina koyon baƙaƙe. Da ido ya buɗe, sai kai ya kumbura. Na karɓe addu'ar safe daga hannun maigidana (mutumin kirki ne Baban Saratu, amma kafin ya haɗa layi ɗaya na karatu kunu ya huce). Mata suka zaɓe ni shugabar zumuntar matan coci. In aka ce wa zai yi mana addu'a, kafin a rufe baki na miƙe.

Addu'ar gidan namu kuwa ga yadda take: ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan akuya. "Ya Uba, mun gode da kwana lafiya, kai Bulus ɗauke ƙafarka daga kwanon nan, ka tsare mu a gona, ka ba mu ciniki, amin." Ina jera wa Allah ayyukan yini kamar yadda nake jera wa 'yan ƙwadago, in naɗe tabarma, in wuce madafa.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta bin wannan sauri: Inna, mahaifiyar maigidana. Ita a tsohuwar hanyar kakanninmu ta tsufa, sai da haƙoranta suka fara zuba ta karɓi baftisma. Ba ta iya karatu ba. In an ce ta yi addu'a, sai ta tuɓe takalmi, ta yi shiru har ka ɗauka barci ya sace ta, sannan ta faɗi 'yan kalmomi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. In hadari ya taso aka yi tsawa, sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta daina magana. Wata rana na ce bari in wayar mata da kai.

"Inna, ba abin tsoro ba ne. Gajimare ne ke karo da juna, an koya mana a aji."

"To," ta ce. "Wa ya haɗa su?"

Na ce a raina, ragowar tsoron da ne, a bar tsohuwa.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwan shuka ya sauka da kyau. Kowa ya shuka, gero ya fito, sai ruwa ya ɗauke. Ni da na ga rana ta buɗe, na ɗora kalwa a wuta. Duk wadda ta san daddawa ta san wahalarta: a dafa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta nuna, a daka, a mulmula, a shanya. In ruwa ya taɓa ta kafin ta bushe, ta yi fumfuna, sai juji. Na shanya tawa a tsakar gida da bisa soro, da safe ina fitowa sai ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin.

Na tara yara a tabarma, na ce a rufe ido.

"Ya Ubangiji, ka san muna bukatar ruwa, ba mu ƙi ba. Amma ka ga daddawar nan. Ka dakata mana zuwa bayan cin kasuwa, sannan ka sako shi yadda kake so. Amin."

Kowa ya ce amin ban da Inna. Kafin hantsi iska ta watsa hadarin. Har "yauwa" na ce (Allah ya yafe mini). Na sayar da wannan, na ga ciniki ya yi daɗi, na ɗora tukunya ta biyu. Da ta kai shanya na sake cewa a ƙara mana 'yan kwanaki. Muna tashi Inna ta riƙo bakin zanina.

"'Yar nan, ki janye maganar nan."

"Wace magana, Inna?"

Gaskiya na manta. Ni abin da na faɗa a addu'a ba ya bin ni ƙofar madafa.

Daddawa ta bushe, ta tafi kasuwa. Ruwa bai zo ba. Sati ya shige, wani ya biyo. Ganyen gero ya nannaɗe kamar igiya. Mutane suka fara maganar sake shuka, alhali gidaje da yawa ba su da sauran iri a rumbu, har da namu. Maƙwabtanmu Musulmi suka fita bayan gari roƙon ruwa. Fasto shi ma ya sa ranar azumi da addu'a. Coci ya cika maƙil, har waɗanda ba a gani sai ranar Kirsimeti sun zo. Maza suka yi tasu addu'ar, sai Fasto ya ce, "Maman Saratu za ta roƙa mana a madadin mata."

Na miƙe, na gyara ɗankwali, na yi gyaran murya. Na shirya addu'ar nan tun a gida, mai tsawo, wadda za ta sa mata kuka. "Ya Ubangiji mai sama da ƙasa..."

Ƙwas, ƙwas. Sanda a kan siminti.

"Fasto, a dakata."

Inna ce a tsaye, ba takalmi, ta nuno ni da sandarta.

"Kada a ba matar ɗana wannan addu'ar sai ta warware ta farko. Ita ta ce a riƙe ruwan. Sau biyu. Don daddawa."

(Tsohuwar da sai an yi ihu kafin ta ji an ce ga tuwo! Ashe kunnen yana zaɓen abin da zai ji.)

Sai wata daga baya, na san muryarta sarai, Ladi ce mai ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ashe miyar kuka ce ta cinye mana gero." Wasu suka tuntsire da dariya, wasu kuwa ko murmushi babu, don gonarsu ce ke ƙonewa. Wani dattijo ya juya ga maigidana.

"Baban Saratu, an yi haka a gidanka?"

Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ni dai na ce amin, amma ban ji abin da aka ce ba."

Kun ji mai kare ni.

Fasto ya so ya cece ni, Allah ya saka masa. Ya ce, "Inna, ruwa a hannun Allah yake. Mace ɗaya ba za ta kulle sama ba."

"Na sani, ɗan nan. Ban ce ta fi ƙarfinsa ba. Cewa na yi ta gaya masa magana, ba ta janye ba, yanzu kuma ta zo da wata. Ko ba ya ji ne a tsakar gida, sai a nan?"

Fasto ya koma kujerarsa ya zauna.

Da na yi shiru a nan, da na tsira da ragowar mutuncina. Amma ni da bakina ba ma rabuwa. Na ɗaga murya na ce, "Haba Inna! Ai magana ce kawai. Wasa nake yi!"

Ta dube ni, ba fushi, sai wani irin tsoro, kamar ta ga yaro na wasa a bakin rijiya.

"Da wa?" ta ce.

Jama'a, na sha zagi a rayuwata na rama. Wannan ban sami abin ramawa ba. Na ji da kunnena abin da na faɗa a gaban ikilisiya: ni mai karanta wa gida Maganar Allah kullum safiya, ni shugabar mata, ashe duk shekarun nan ban taɓa ɗauka akwai mai sauraro a ɗaya gefen ba. Tsohuwar da nake wa kallon jahila ta ɗauki addu'ata da muhimmanci fiye da ni mai yin ta.

Na durƙusa a ƙasa. Doguwar addu'ar da na shirya ta gudu, ko kalma ɗaya ban gani ba. Na yi shiru, shirun da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, kamar an kira ni gaban babba ina da laifi. Da ƙyar na ce, "Ka gafarta mini. Na janye. Ka ji tausayin gonakin mutane." Inna ta ce amin, ta zauna.

Kada ku ɗauka nan take aka kece da ruwa. Mun fito rana na dukan kai, na bi ta bayan gidaje na koma gida. Sai bayan wasu kwanaki ya sauka, da rana tsaka. Wasu gonakin sun farfaɗo, wasu sai da aka sake shuka da irin da aka taimaka wa juna. Da aka yi tsawar farko na tsinci kaina zaune kusa da Inna a ƙofar ɗaki, bakina a rufe, ina kallon ruwa na sauka a gonar mai kirki da ta mai daddawa baki ɗaya.

Sunan dai ya bi ni. Har maƙwabciyata Hajiya Tani, in za ta shanya kuɓewa, sai ta leƙo ta katanga: "Maman Saratu, gobe ina da shanya, a taimaka a yi mana magana." In harare ta, ta tafi tana dariya.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in na tara yara da safe nakan ɗan jinkirta kafin in buɗe baki, akuya ta ci abin da za ta ci. In za ki yi magana da Allah, ki yi ta kamar yana ji, don yana ji. In kuma kin manta da haka, to ki tuna surukarki ma tana ji, ita kuwa ba ta da haƙurinsa.