Ranar da Na Tayar da Barkin Sale da Gudu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Barkin Sale ba, ko da na so, domin har yau akwai dattawan da ke tuna mini.

A tsakiyar shekarun tamanin aka rage ma'aikata, sunana ya fito cikin waɗanda aka sallama. Na dawo gida na shige ɗaki. Wata huɗu ba na zuwa ko'ina sai masallaci, shi ma daga baya na fara ja da baya. Abinci ya daina yi mini daɗi, barci ya ƙaurace, ko dariyar 'yata sai in ji ta kamar daga wani gari. Duk wanda ya tambaya, matata ta ce ciwon shawara ne ya kwantar da ni (ni na sa ta faɗin haka).

Maƙwabcinmu Baba Ndagi, mutumin Bida ne da ya yi ritaya daga aikin jinya. Wata rana ya shigo ya buɗe idona ya duba, ya ce da irin tasa Hausar, "Wannan ba shawara ba ne. Matarka ya gaya mini komai. Damuwa ce, ciwo ne kamar kowane ciwo."

Na miƙa hannu ina jiran ƙwaya. Sai ya ce in riƙa tafiya kullum da safe har in yi gumi, in bar rana ta taɓa jikina, in daina cin abinci ni kaɗai a ɗaki.

"Baba, mene ne haɗin ƙafa da zuciya?"

"Ni ma ban gama sani ba," in ji shi. "Amma na ga ya yi wa mutane aiki. In sati uku ya wuce babu sauƙi, da kaina zan kai ka wurin likita."

Gaskiya ba don na yarda na fara ba, so nake in ga ƙarshen abin. Kwana na shida sai ga ni na yi barci har na makara. Mamaki ya kama ni, na koma bincike a kan kaina. Na ce to, in tafiya ta kawo wannan, gudu fa? (Nan ne ilimin bokona ya cuce ni.)

Ranar Talatar nan, bayan asuba na zura wani tsohon gajeren wando na zamanin kwaleji, wanda ya riga ya yi mini kaɗan, na ɗiba a guje. Ka tuna, a lokacin babu magidancin da ke gudu a unguwarmu sai in gobara ce ko mahaukacin kare.

Mai ƙosai ce ta fara ƙwala mini kira, "Malam, lafiya?" Numfashi ya hana ni magana, sai na yi mata nuni da hannu baya, ma'ana sai na dawo. Ita kuwa ta ɗauka wani abu ne ke tafe a bayana. Ta saki matsami ta rufa mini baya tana salati. Masu sayen koko suka bi ta. Kafin in kai layin dogo, na waiwaya na ga mutum kusan ashirin, wani da buta a hannu. Ni ma sai na tsorata, na ce lallai wani abu suka gani, na ƙara wuta!

Alhaji Sani tela ne ya cim mini, tumbinsa na rawa, ya damƙe hannuna. "Malam, don girman Allah, me ya biyo mu?"

Na dube shi, na dubi jama'a suna haki, na dubi gwiwoyina a waje. Da ƙyar na ce, "Alhaji, magani nake sha."

Wani dattijo ya matso ya fara yi mini tofi, ya tabbata na taɓu. Ba yadda na iya, a tsakiyar titi na bayyana abin da na yi wata huɗu ina ɓoyewa. Mai ƙosai ta ce, "Yanzu saboda Allah ƙosaina ya ƙone don kana shan magani?" Dariya ta ƙwace mini, irin wadda na manta ina da ita, har na durƙusa.

Washegari na tarar da Alhaji Sani a ƙofar gida. Ya ce a hankali, "Tun rasuwar Hajiya ni ma ba na barci. Zan bi ka, amma da doguwar riga, kuma ba gudu." Shekara biyu muka yi muna wannan tafiya. Wurin likitan ma na je daga baya, ya ce in ci gaba.

Abin da na koya shi ne, in za ka faɗa wa mutane ciwonka, faɗa musu a zaune, da cikakken wando, tun kafin su bi ka su tambaya.