Yadda Malam Fayyace Ya Mallaki Ɗakin Manya

Kafin Allah Ya kawo Malam Fayyace kwalejin nan, mutane magana kawai suke yi, babu lasisi. Mutum zai buɗe baki ya ce "kujera", kuma abin takaici a miƙo masa kujera, ba tare da an tsaya an tantance mece ce kujera ba. Haka aka yi ta zama cikin duhu, ana gaisawa, ana ciniki, ana fahimtar juna bisa kuskure. Kwatsam sai ga gwanin ya iso, da jaka mai kwaɗo da tabarau a ƙarshen hanci, ya zo koyar da 'yan ajin farko manɗiƙi, wato ilimin auna magana da hujja. Tun daga ranar babu kalmar da ta ƙara wucewa ta gabansa ba ta nuna takardunta ba.

Sunan ma ɗalibai ne suka raɗa masa, don ba ka isa ka kai ƙarshen zance ba sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Fayyace!" Da sunan ya zo kunnensa ya auna shi, ya ga bai yi masa yawa ba, ya karɓa hannu bibbiyu. Likita ya taɓa tambayarsa ina ke masa ciwo, ya ce sai an fara daidaitawa a kan abin da ake nufi da ciwo. Likitan ya kira na gaba.

A aji kuwa, sai wanda ya gani. Yakan zana da'ira a allo, ya ja da baya ya kalle ta kamar shi ya ƙirƙiro zagaye, sannan ya gyara murya.

"Kowace kalma gida ce," in ji shi. "Akwai mazauna ciki, akwai sharuɗɗan shiga. In za ka fayyace abu, ka faɗi danginsa, sannan ka faɗi abin da ya raba shi da 'yan uwansa. Agogo na'ura ce, wannan dangi. Mai nuna lokaci, wannan bambanci. Kada ma'anarka ta yi faɗi har baƙo ya faɗo ciki, kada ta matse har ɗan gida ya kwana a waje. Kuma ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe: duk sharaɗin da ka ƙara, mazauna gidan raguwa suke yi."

Tsakani da Allah darasin ba shi da aibi. Matsalarsa ɗaya, mai koyar da shi ba ya barinsa a makaranta. Yara su ce, "Baba, yunwa muke ji," ya ce yunwa ko kwaɗayi. Matarsa ta daɗe da sallamawa, in tana son abu nuni kawai take yi da yatsa. Shi kuma yana gaya wa mutane cewa ya koya mata fayyacewa ta hanyar nuni, wadda ita ce matakin farko na ilimi, kuma yana sa ran za ta ci gaba.

To, mutum mai wannan daraja, me zai hana shi barci? Ƙanin matarsa. Malamin wasanni ne a kwalejin, kowa Mai-usur yake ce masa. Ƙato ne mai fara'a, kullum cikin kayan wasa da gumi, dariyarsa tana riga shi shiga wuri. Daga can ƙarshen fili zai ƙwala, "Yaya! Yaya!" ya zo ya daka wa Malam duka a baya gaban ɗalibai, har tabarau ya zame. Wannan duk Malam ya jure. Abin da ya gagara haɗiyuwa shi ne maganar surukarsa. Duk sa'ad da aka taru a gidanta sai tsohuwar ta dube su biyun cikin jin daɗi ta ce, "Allah Ya yi muku albarka. Ku duka malamai, aikinku ɗaya, wurinku ɗaya."

Aikinku ɗaya! Mai auna tunanin ɗan Adam, da mai hura ƙarfe a baki yana bin yara da gudu! Malam yakan koma gida ya kasa cin abinci. Ba komai yake nema a duniya ba illa ranar da tsohuwar nan za ta gani da idonta cewa shi da autanta ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Ƙofa yake so tsakaninsu, ƙofa ta katako, mai makulli.

Sai Allah Ya kawo ƙofar. Shugabar kwalejin ta sa aka gyara wani ɗaki a ƙarshen baranda: kujerun kushin, kafet mai laushi, firji, labule har ƙasa, da na'urar sanyaya ɗaki wadda in ta yi numfashi sai ka manta da rana. Aka rubuta a ƙofa, Ɗakin Manyan Malamai. A taron ma'aikata ta ce saura a san wane ne babba. Ba ta rufe baki ba gogan naka ya miƙe, yana ɓalle maɓallin jaka.

"Ranki ya daɗe, wannan ba aikin ɗaga hannu ba ne, aikin ilimi ne. Ba a ƙuri'a a kan ma'ana. Cikin ikon Allah kuna da wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a wannan fanni, kuma ba zan yi muku rowar kaina ba."

Nan take ya zuba ma'ana ta farko: babban malami shi ne malamin da ya daɗe yana koyarwa. Aka tafa. Daga bayan ɗaki sai wata murya ta taso, "Madalla, Yaya! Ai na riga ka kama aiki a nan. In kama maka wuri kusa da firji?"

Malam ya ce ma'anar ta yi faɗi, tana buƙatar gyara, a ba shi lokaci.

A zama na gaba ya dawo da ƙari: wanda ya daɗe yana koyarwa a cikin aji mai rufi da allo. Sharaɗin ya yi awon gaba da malamar aikin gona, wadda ajinta lambu ne, ya haɗa da malamin sassaƙa da ke koyarwa a rumfa. Bayin Allah ba su tare wa kowa komai ba. Shi kuwa wanda aka haƙa ramin dominsa ya ɗaga hannu ya tuna wa taro cewa duk ranar da aka yi ruwa a aji yake koyar da kiwon lafiya, har zanen huhu yake yi a allo.

Malam ya ƙara: kuma ya wallafa littafi. Rabin malamai suka zube. Washegari Mai-usur ya shigo da wani ɗan littafi na dokokin ƙwallon ƙafa, bugun injin, bango mai launi, ga hotonsa a baya kumatu cike da iska. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ana yabawa. Nan wani mara kunya ya tambaya ko za a ga na Malam. Na Malam dai takardu ne da aka ɗauki hotonsu aka ɗinke da zare, shafi na farko ya fita a karkace.

Wani zai ji kunya, amma ban da gwani. Ya miƙe ya ce ai tambayar ta nuna ba a san mene ne littafi ba. "Littafi," in ji shi, "rubutu ne mai nauyin tunani, ko bango ya samu ko bai samu ba. Nauyin kuma ba kowane ilimi ke da shi ba, sai ilimin da ake auna sauran ilimai da shi." Malamin lissafi ya ce to ai nasa kenan. Malam ya ƙara, "ba da lambobi ba." Malamar harshe ta motsa a kujera, bai ma bari ta yi magana ba ya ce, "ba kuma da nahawu ba."

Ran da aka kammala, ma'anar ta yi tsawon da sai da ya sha ruwa a tsakiya. Ya fara gwada ta a gida, a tsaye, matarsa tana ninke kayan yara. Babban malami shi ne malamin da ya daɗe yana koyarwa, a aji mai rufi da allo, ya wallafa littafi mai nauyin tunani ko babu bango, a ilimin da ake auna sauran ilimai da shi, ba da lambobi ba, ba da nahawu ba.

"Baban yara," ta ce, "da ka faɗi sunanka kawai ai da ka huta."

"Ban ambaci kowa ba. In ma'ana ta zaga duniya ta dawo ta tsaya a kaina, laifin duniya ne."

Shugaba ta ga in ta ƙi wani taron za a sake, kuma wani sharaɗin za a ƙaro, sai ta miƙa masa makulli. Malamai suka fita suna gunaguni, har wasu na cewa za su kai ƙara. Ba a je ko'ina ba malamin sassaƙa ya lura da wani abu: in Malam Fayyace yana can ciki, to ba ya nan waje. Aka tsaya aka dubi juna. Maganar ƙara ta mutu a wurin.

Tsohon ɗakin malamai, mai fanka mai kuka da benci mai gurguwar ƙafa, ya koma kamar gidan biki. Mai-usur ya kawo butar shayi daga gida. Mutane suka riƙa faɗin "jiya" da "kusan" da "wani abu haka" son ransu, babu mai tare su.

Shi kuwa sarkin ma'ana ya tare a ɗakinsa. Ya zauna a kowace kujera bi da bi don kada wata ta ji an ware ta. Ya tanadi jawabin kora mai kyau, wanda zai yi wa duk wanda ya ƙwanƙwasa, musamman mutum ɗaya: "Ba ni na hana ka ba, ƙanina, sharaɗi ne ya hana ka." Ya maimaita shi gaban gilashin taga har ya san inda zai sauke murya cikin tausayi. Ya aika wa surukarsa cewa lallai ta zo ta ga inda Allah Ya kai shi. Ta ce sai ƙafarta ta yi sauƙi.

Babu wanda ya ƙwanƙwasa. Ya ɗan buɗe ƙofa don sanyi ya fita ya yi masa talla. Ya yi tari. Ya buɗe firji ya rufe da ƙarfi. Abin da ke dawo masa kawai dariyar nan ce daga ɗaya ƙarshen baranda, kuma ya san mai ita. Gaskiya abin ya yi masa ciwo, irin ciwon da ba ya buƙatar a fayyace. Sau da yawa yakan kai bakin ƙofa da kofinsa a hannu, sai ya tuna shi babba ne, ya koma ya zauna.

Daga nan kaya suka fara tafiya. Aka yi baƙi a ofishin Shugaba, aka ari kushin guda, tunda babu mai zama a kai. Ba a dawo da ita ba, sai ma aka zo aka ɗauki 'yar uwarta. Mai kula da kayan makaranta ya ce bai ga dalilin sanyaya ɗaki guda saboda mutum ɗaya ba alhali kwamfutocin ɗalibai suna dahuwa, aka ciro na'urar sanyi aka bar rami a bango. Firji ya bi inda masu shan ruwa suke. Kafet ma aka naɗe.

Da fili ya samu, sai wasu kayan suka fara zuwa. "Malam, a ɗan ajiye wannan a nan kafin a gyara." Tebura masu ƙafa uku, allon da ya tsage, taswirar duniya da ɓera ya cinye mata kudu, ƙwarangwal na roba mara hannu ɗaya wanda aka jingina a kusurwa yana fuskantar Malam. Duk wanda ya shigo da kaya Malam yakan tsayar da shi ya tabbatar masa cewa shigowar ajiya daban, shigowar zama daban. Su ce haka ne, su fita da sauri.

Ranar da ƙafar tsohuwa ta yi sauƙi, ba ta aiko ba, zuwa kawai ta yi. Malam yana zaune a kan kujerar ƙarfe tsakanin tebura, yana fifita da littafinsa mai zare, sai ya ji sallama. Ga surukarsa ta dogara sanda, ga Mai-usur a bayanta da yagaggiyar raga a kafaɗa da fasassun ƙwallaye a hammata.

"Yaya, ga Mama na kawo maka. Dama zan ajiye waɗannan a sito, sai na ce mu yi tafiya ɗaya."

Malam ya yi zumbur ya miƙe, gwiwarsa ta bugi tebur, ƙwarangwal ya girgiza kai. Ko gaisuwa bai gama ba, don an taɓa kalma a gabansa, kuma a gaban wadda ya daɗe yana jira.

"Wa ya ce maka nan sito ne? Mama, ki ji irin maganar da nake fama da ita. Ba su san ma'anar abin da suke faɗa ba. Sito ɗaki ne, wannan dangi. Da ake ajiye abin da aka daina amfani da shi amma ba a kai ga jefarwa ba, wannan bambanci!"

Ya faɗe ta tsaf, babu gargada, mafi kyawun ma'anar da ya taɓa yi a rayuwarsa. Mai-usur ya sunkuyar da kai, ya shiga gyara ragar da ba ta buƙatar gyara.

Tsohuwa ta dubi teburan, ta dubi ramin bango, ta dubi ƙwarangwal. Sannan ta dubi mijin 'yarta, ta daɗe tana dubansa, idonta ya ciko da tausayi na gaskiya. Ta jawo hannun ɗanta ta yi masa raɗa, irin raɗar tsofaffi da ake ji har baranda.

"Auta, kai da suke jin maganarka, ka sa baki mana, ko Allah zai sa su mayar da shi cikin malamai."