Takardun Zuciyar Mutumin Turawa

Wani manomin gyaɗa ne a ƙauyen Turawa. Yana tsakiyar huɗa ƙirjinsa ya riƙe, gumi ya karyo masa, ya zube a kunya. Aka kwashe shi sai asibitin birni.

Aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta tofo takarda mai zane. Aka yi masa allurar narka gudan jini, aka jima aka sake aunawa. Da ya dawo hayyacinsa, likita ya shimfiɗa masa takardun biyu.

"Baba, ka ga ta farko, layin ya yi tozo? Lokacin jijiya ta toshe, jini ba ya isa naman zuciya. Ta biyun kuwa tozon ya kwanta, jini ya samu hanya."

"Wato wannan cutar ce, wannan kuma lafiyar?"

"Kusan haka. Ka adana su. Ga ƙwayoyi, ka riƙa sha kullum, bayan wata guda ka dawo."

Gogan ya karɓa hannu bibbiyu. Rubutun da inji ya yi da kansa, ba allo ba tawada!

Yana isa gida ya cusa ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Ummu Hani, miƙo ƙwarya da ruwa."

"Malam, ai ƙwaya likita ya ce."

"Ke dai! Ƙwaya ta waɗanda ba a ba rubutu ba ce."

Ya jiƙa takarda ɗaya, ya dama, ya shanye har tukar. Ɗayar kuma ya ga zubar da ita asara ce. Ga Sulle, maƙwabcinsa na gona, kowace damina sai ya ci masa kunya guda a iyaka. Ya je ya binne ta daidai inda Sulle yake takawa.

Wata ya cika, ya koma asibiti yana haki kamar wanda ya turo amalanke daga Rogo. Aka sake aunawa. Likita ya dubi sabon zanen, ya ɓata rai.

"Baba, ina takardun, mu gwada?"

"Ta lafiyar na shanye. Ta cutar na aika wa mai ita."

"Shanyewa? To ƙwayoyin fa?"

"Suna nan lafiya lau, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba."

Likita ya dafe goshi. "Ga shi jinin yana neman sake tsayawa. In ka ci gaba a haka, ba za ka ga kakar bana ba."

Mutumin ya ɗaga hannun dama ya duba, ya ɗaga na hagu ya duba. Can sai ya doki cinya.

"Innalillahi! Ashe musanya su na yi! Shi ya sa ɗan banzan nan Sulle yanzu kunya bibbiyu yake ci mini, ko haki ba ya yi!"